Renon kabeji da kale daga ƙwaya a fadamar Jega, da abin da za a rufe ƙasa da shi bayan girbi

Ɗan Lambu, Jega

Assalamu alaikum iyayena da yayyena manoman rani. Ina neman shawara a kan abu biyu.

Fili ne kwatan hekta a bakin Gulbin Zamfara, kusa da Jega. Rabin da ke gangare laka ce, ruwa yakan kwanta a kanta daga Agusta har tsakiyar Satumba. Rabin sama kuwa jigawa ce, in an ba ta ruwa da safe kafin la'asar ta bushe. Albasa da tattasai aka saba yi a wurin. Bana ana so a sa kabeji, a haɗa da ɗan kale da ganyen mastad, dangin kabeji da ake cin ganyensu, saboda akwai masu nema a Birnin Kebbi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne abin da ake gani a lambunan kusa: iri ya tsiro lafiya lau a bedi, wato wurin reno, bayan mako guda ya dinga kifewa daga gindi kamar an tsunkule shi, wanda ya tsira kuma in an dasa sai ya fitar da kawuna biyu ko uku ƙanana da ba mai saye. Yaushe ake zuba irin a nan, giram nawa zai ishi wannan fili, kuma me ke kawo waɗannan matsaloli biyu?

Na biyu, in an gama girbi a Fabrairu ƙasar takan zauna tsirara cikin rana da iska har ruwan Yuni. Me ya kamata a shuka ya rufe ta, ya kuma ƙara mata ƙarfi? Wani ya ce a yafa mastad ɗin kansa a nome shi cikin ƙasa, wai yana kashe cututtuka. Gaskiya ne?

Malamin Gona, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in ɗauki ɓangaren iri da bedi, masu sani su ƙara sauran.

Ka fara da lokaci. Kabeji ya fi naɗe kai da ƙarfi in zafin wuri yana wajen digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas, kuma a Kebbi ba ma samun abin da ya kusanci haka sai darare da safiyoyin hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu. Saboda haka lissafin daga baya ake yin sa. Reno mako 4 zuwa 5 ne, daga dashe zuwa girbi kwana 60 zuwa 90 gwargwadon iri. Ka zuba iri daga tsakiyar Oktoba zuwa makon farko na Nuwamba, ka dasa a Nuwamba ko farkon Disamba, kai ya naɗe a Janairu. Wanda ya zuba bayan farkon Disamba, kabejinsa zai zo naɗewa a Maris lokacin da zafi ke kai digiri 40, sai kan ya fito sako-sako ba nauyi, tsutsa kuma ta yi yawa. Kada ka zuba duka rana ɗaya. Raba shi biyu, mako biyu tsakani, don kada kabejin ya nuna gaba ɗaya ka rasa bakin ciniki.

Iri: KK Cross yana jure zafi kuma yana saurin nuna, shi ya dace da zubin farko da Oktoba ke da sauran zafi. Oxylus da Gloria ma ana samun su a shagunan iri. Copenhagen Market ya fi araha, amma ya fi son sanyi kuma kansa yana saurin tsagewa in ya nuna ba a yanke ba. Ka sayi wanda ke cikin gwangwani ko leda a rufe, ka duba ranar da aka ɗura shi. Irin da ya yi watanni a kan teburi cikin rana ya riga ya raunana. Kafin zubi, ƙirga ƙwaya 50 ka shimfiɗa a tsumma mai laima, ka naɗe, ka ajiye a inuwa, ka riƙa jiƙawa. Bayan kwana 7 in waɗanda suka tsiro ba su kai 35 ba, nemi wani iri.

Yawan iri: in za ka dasa santimita 60 tsakanin layi da 45 tsakanin gindi, bayan ka cire hanyoyin ruwa kwatan hekta zai ɗauki gindi wajen 8,000. Giram ɗaya na irin kabeji yana da ƙwaya 250 zuwa 300. Da wanda ba zai tsiro ba da raunanan da za ka zubar, kana bukatar ƙwaya wajen 12,000, wato giram 40 zuwa 50. Gwangwanin giram 50 ya wadatar, kuma tunda za ka ba kale da mastad wani sashe ma zai yi saura.

Kifewar nan daga gindi cuta ce ta ƙwayoyin naman gwari da ke zaune cikin ƙasa. Suna kama wuyan tsiro daidai inda ya taɓa ƙasa, wuyan ya yi laushi ya sirance ya faɗi. Abu huɗu ke ba su dama: ƙasa mai kwana da ruwa, yafi mai cunkoso, ɗanyen taki, da inuwa mai kauri da ke hana iska shiga. Maganinsu a yadda aka gina bedin yake, ba a feshi ba.

Ka yi bedin a rabin sama, ba a laka ba, kuma ba inda aka yi renon tumatir ko tattasai bara ba. Faɗi mita 1, tudu santimita 15, tsawo mita 10. Guda uku za su ɗauke irinka duka. Haɗin saman bedi: kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen takin shanu da aka tankaɗe, kashi ɗaya buntun shinkafa da aka babbaka ya yi baƙi bai zama toka ba. Buntun yana sa ruwa ya tsiyaye, kuma a Kebbi ba a rasa shi a wurin masu casa. In kana da mako 4 zuwa 6 kafin zubi, jiƙa bedin sosai ka rufe da farar leda mai shara-shara, ka binne gefunanta, rana ta dafa ƙasar. In lokaci ya ƙure, tara kara da busasshiyar ciyawa a kai ka ƙona, ka bari ya huce kwana biyu.

Kada ka yafa. Ja layi da tsinke, santimita 10 tsakani, zurfin rabin santimita zuwa ɗaya, ƙwaya da ƙwaya kamar santimita 2. Rufe da ƙasa mai laushi, shimfiɗa busasshiyar ciyawa mara 'ya'ya sama-sama, ka ba da ruwa da buta mai bakin rariya. Kwana 4 zuwa 7 zai fito, kuma ranar da ka ga ya fara leƙowa ka kwashe ciyawar, in ba haka ba zai yi dogon wuya fari mara ƙarfi. Ruwa da safe ake bayarwa, don saman ƙasa ya sha iska kafin dare. Ban ruwan magariba shi ne babban abin da ke kashe bedi. In ka ga wani gurbi ya fara kifewa, kwashe tsiron da ƙasar da ke kewaye da shi ka fitar, ka rage ruwa.

Abu ɗaya kuma da ba ka tambaya ba. Akwai cutar baƙin ruɓa da ke zuwa cikin ƙwayar iri. Alamarta ganye ya yi rawaya daga baki yana shiga ciki da siffar harafin V, jijiyoyin su yi baƙi. In irin da ka samu ba a shafa masa magani ba, ɗaure shi a ƙyalle ka ɗumama minti 10 a ruwa mai digiri 37, sannan ka sa a ruwa mai digiri 50: minti 25 ga kabeji, 20 ga kale, 15 ga mastad. Tsoma shi a ruwan sanyi minti 5, shanya a inuwa. Wannan sai da ma'aunin zafi a hannu, domin digiri biyu ko uku a sama zai kashe irin. Wanda ya zo da launin shuɗi ko ja an riga an shafa masa magani, kada a sa shi a ruwan zafi.

Tsohon Mai Fangali, Argungu

Malam ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara sani. Yaro, kawuna biyu ko uku da kake gani ba laifin iri ba ne, aikin tsutsa ne. Wata 'yar ƙaramar tsutsa ce mai baƙin kai da ratsi a bayanta, tana shiga tsakiyar tsiro ta yi saƙa ta cinye idon da ganye ke fitowa. Idan idon ya mutu, gindin sai ya tofo ta gefe, kowane toho ya yi nasa ɗan kai. Tana yin wannan ɓarna tun a bedi, kuma lokacinta shi ne zafin ƙarshen damina, daidai Oktoban da Malam ya ce a zuba iri. Tsutsa guda ta isa ta lalata gindi guda, kuma da yake a ɓoye take cikin saƙa, feshi ba ya cika isa gare ta.

Abin da ke aiki shi ne raga. Lanƙwasa sanduna ko ƙarfe a kan bedi su yi baka, tsayin kamar santimita 60, ka lulluɓe da raga mai ƙananan idanu irin ta gidan sauro, ka danne gefuna da ƙasa ko'ina. Tun ranar zubi za ka rufe, ba bayan ka ga ɓarna ba. Malam-buɗe-littafin da ke saka ƙwan tsutsar da dare yake zuwa, in bai samu shiga ba magana ta ƙare. Ragar tana hana fara da gyare ma. Amma kada ka ɗauko gidan sauron da ake rabawa don zazzaɓi: akwai magani a jikinsa, kuma na kwanciyar yara ne. Sayi farar raga mara magani a kasuwa.

Inda zan ɗan bambanta da Malam shi ne inuwa. Gaskiya ne inuwa mai kauri tana kawo kifewa, amma ranar Oktoba a jigawa tana ƙona tsiro kwana biyu da fitowa. A yi rumfa mai tsayin mita 1 da zana mara kauri ko ganyen giginya jefi-jefi, ta tare ranar tsaka kawai, hantsi da yamma su shiga. A mako na uku a fara ɗage ta, mako na ƙarshe ba rumfa sam, a kuma rage ruwa, don jikin tsiron ya yi ƙwari kafin ya fita fili.

Dashe: in ya yi ganyen gaske 4 zuwa 6, tsayi santimita 10 zuwa 12, kara ya yi kauri. Jiƙa bedin sosai sa'a biyu kafin cira, ka ɗago da 'yar ƙasa a saiwa, kada ka fizga. Kowane tsiro ka buɗe tsakiyarsa ka duba: wanda ba shi da ido, ko ka ga saƙa da kashin tsutsa, ko wuyansa ya yi baƙi ya sirance, jefar da shi. Asarar tsiro ɗaya a nan ta fi sauƙi da ka ba shi ruwa da taki wata biyu a banza. Bayan la'asar ake dasawa, a binne zuwa ƙarƙashin ganyen farko, a danna ƙasa, a bi da ruwa nan take. Wanda ya wuce mako 6 a bedi ya tsufa, kansa ba ya girma.

A laka ka yi kunya ka dasa a gefenta, ruwa ya bi kwari. Saiwar kabeji ba ta son tsayuwar ruwa, kwana biyu cikin ruwa ganyen ƙasa zai yi rawaya. A jigawa fangali ya fi, ƙanana, mita 2 da mita 3, don ruwan ya cika da sauri. Laka ban ruwa duk kwana 4 zuwa 5 a hunturu, jigawa duk kwana 2. Abin kiyayewa shi ne kada ka bar shi ya ji ƙishi sannan ka cika shi da ruwa lokacin da kai ya yi tauri, tsagewa zai yi. Ƙonewar bakin ganyen ciki ma daga wannan rashin daidaito take zuwa, domin sinadarin kalsiyam da ruwa yake tafiya cikin shuka.

Taki: ruɓaɓɓen takin gargajiya kilo 1 zuwa 2 a kowace murabba'in mita tun wajen gyaran ƙasa, jigawa ta samu kaso mafi yawa. NPK 15-15-15 buhu 2 ya ishi kwatan hekta, wato murfin kwalbar lemo biyu a kowane gindi, mako guda bayan dashe, a tona nesa da kara da faɗin tafin hannu a binne. Yuriya ba za ta kai buhu ba, wajen kilo 38, a raba biyu: rabin murfi a mako na 3, rabin murfi a mako na 5 zuwa 6 da ganye ya fara lanƙwasowa ciki. Daga nan a daina. Yuriya a makare tana sa kai ya yi laushi, ya ruɓe a buhu kafin ya kai kasuwa. Dangin kabeji suna son sinadarin salfa, kuma ƙasarmu ba ta da shi da yawa, don haka in ka samu takin sufa ka zuba a gyaran ƙasa, yana ɗauke da shi.

A fili babban abokin gaba wata koriyar tsutsa ce ƙarama, in ka taɓa ta sai ta zillo ta rataye da zare. Tana cin ganye daga ƙasa ta bar fata shara-shara. Ta riga ta saba da magungunan feshi irin su saifametirin da lamda, wanda ya dinga fesa su kuɗinsa kawai yake zubarwa, yana kuma kashe ƙwarin da ke cin ta. Ka riƙa juya ganye sau biyu a mako. Ruwan 'ya'yan dogon yaro yana aiki in tsutsa tana ƙarama: ɓare, daka ƙwayar ciki giram 500, jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, tace da ƙyalle, sa ɗan sabulu don ya kama ganye, domin ganyen kabeji yana da santsi ruwa ba ya zama a kai. Fesa da yamma, ƙarƙashin ganye da cikin ido, duk mako. Yana rage darɓa ma, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye. In ta fi ƙarfi, akwai maganin Bt da emamektin. A riƙa sauya su, kada a maimaita ɗaya sama da sau biyu a jere, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta a kwalba tsakanin feshi da girbi. Ganyen nan ɗanye ake cin sa a kwaɗo da salak.

Hajiya Mai Ganye, Yauri

Sannunku da ƙoƙari. Baba, an bar kale da mastad a baya, bari in cike.

Kale renonsa ɗaya da kabeji, dashe 60 da 45, amma tunda ba kai yake yi ba ya fi haƙuri da zafi, yana iya kai ka Maris in akwai ruwa. Mako 6 bayan dashe ake fara tsinka. Daga ƙasa ake ɗauka, ganye 3 ko 4 a kowane gindi duk mako, a bar aƙalla 6 a sama da idon. Ƙarya ganyen ake yi a gindinsa da hannu, kada a bar guntun kara yana ruɓewa. Bayan kowane tsinka biyu a ba shi ɗan yuriya, tunda ganye ake ta kwashewa.

Mastad kuwa ba ya son dashe, dashe yana sa shi saurin fure. Shuka shi kai tsaye a layi, santimita 30 tsakani. Ƙwayar ƙanana ce ƙwarai, a gauraya kashi ɗaya da yashi kashi goma don ta rarrabu. Bayan mako biyu a tsinke a bar santimita 15 tsakani, abin da aka cire ma ana ci. Kwana 35 zuwa 45 ya isa yanka. In ya ji ƙishi ko zafi sai ya miƙe ya yi fure, ganyen ya yi yaji, don haka kaɗan-kaɗan ake shukawa duk mako biyu daga Nuwamba zuwa Janairu.

Ɗana, da asuba ake yankan ganye, a sa a kwando a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, kada a cusa a leda. Kuma kada ka ba su fili da yawa a shekarar farko, kasuwarsu ba ta kai ta kabeji ba. Layi kaɗan ya isa har ka san masu sayenka.

Batun ajiye iri: kabeji da kale sai sun sha sanyi mai tsanani na makonni kafin su yi fure, wanda ba mu da shi a nan, kuma masu alamar F1, wato irin haɗi, ko sun yi 'ya'ya ba za su fito kamar uwarsu ba. Mastad ne da kalen Habasha ke yin iri a yanayinmu. A bar gindin da suka fi jinkirin fure, a yanke in kwanson ya yi ruwan ƙasa kafin ya fashe, a shanya a kan tabarma, a ajiye a kwalba mai murfi cikin ɗaki mai sanyi.

Ɗan Lambu, Jega

Allah ya saka da alheri, Malam, Baba da Hajiya. Na fahimci bedi. Saura batun rufe ƙasa, musamman maganar nome mastad.

Mai Nazarin Ƙasa, Aliero

Ɗan'uwa, maganar mastad tana da tushe amma ba a gurbinka ba. Ganyensa yana da sinadarin da in an daddatsa shi aka binne cikin ƙasa mai laima yake sakin iska mai yaji, tana rage wasu cututtukan ƙasa da tsutsar saiwa. Sai dai a yanka shi a farkon fure, a sassara ƙanana, a nome cikin ƙasa a ranar, a bi da ruwa, a jira mako biyu. In aka bar shi ya bushe a sama, amfanin ya tafi. Matsalar ita ce mastad ɗan gidan su kabeji ne. Koriyar tsutsar da Baba ya ambata, da mai cin ido, da darɓa, da baƙin ruɓa, duk suna rayuwa a kansa. Shuka shi bayan kabeji ko gabansa ciyar da su ne har kaka mai zuwa. Ba ya kuma ƙara wa ƙasa naitirojin. Wurinsa shi ne gaban albasa ko tattasai, a filin da ba za a sa kabeji ba. Kabejin kansa kada ya koma gurbi ɗaya sai bayan shekara 3, kuma da an yanke kai a tumɓuke kututturen a fitar, domin tohon da yake yi shi ne gidan tsutsa a bazara.

Bayan kabeji dangin wake ake so, masu ƙulla ƙurajen saiwa su jawo naitirojin daga iska. Filinka iri biyu ne, don haka amsa ma biyu ce.

Jigawa, daga ƙarshen Fabrairu: wake. Yana jure zafin bazara, ban ruwa sau ɗaya a mako ya ishe shi in ya kama. Tunda rufe ƙasa ake so, a matse shi, santimita 50 da 20, ƙwaya biyu a rami, zurfin santimita 3 zuwa 5. Kilo 8 zuwa 10 zai ishi kwatan hekta, rabinsa ke nan ga rabin filin. Mai yaɗo irin su kanannado ya fi rufewa. Takin da kabeji ya bari ya wadatar, kada a sa yuriya, domin in ya samu naitirojin a sauƙaƙe ba ya ƙulla ƙuraje. A mako na 5 tono gindi ɗaya ka fasa ƙurjin: in cikinsa ja-ja ne yana aiki, in fari ne ko kore ba ya yi. Ka bambanta shi da kumburin tsutsar saiwa: ƙurjin kirki a gefen saiwa yake, yana ɓallewa da yatsa, na tsutsa kuwa saiwar ce kanta ta kumbura. Fili mai tarihin tattasai da tumatir a yashi yakan samu wannan tsutsa, kuma yawancin wake da lablab, wani dangin wake mai yaɗo, suna ƙara ta.

In ka ga kumburin, bar wake ka nemi krotalariya mai dogon kara da rawayan fure, wadda ake kira sanhem. Tana rage tsutsar saiwa, tana saurin tashi. Yafi ake yi kilo 40 zuwa 50 a hekta, a ja manjagara a rufe santimita 2. A sare ta a mako 6 zuwa 8 da fure ya fara. In ta wuce haka karan ya zama igiya, fartanya ba ta yanka shi kuma ba ya ruɓewa da wuri.

Da damina, in ba za a sa hatsi a jigawar ba, mukuna ta fi kowa rufe ƙasa da danne ciyawa har da tofa. 'Yar'uwar karara ce amma wadda ake nomawa ba ta ƙaiƙayi. Mita 1 da santimita 40, ƙwaya ɗaya ko biyu, farkon Yuni, a yi mata noma sau ɗaya a makonnin farko kafin ta yaɗu. Ƙwayarta tana da sinadari mai cutarwa, ba a ci kamar wake. Lablab shi ma yana yi, kilo 15 zuwa 20 a hekta, kuma ya fi daɗewa kore bayan ruwa ya ɗauke. Masana cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya sun daɗe suna aiki a kansa a matsayin abincin dabbobi.

Laka mai kwanciyar ruwa: wake da mukuna duk za su mutu a Agusta. Zamarke ne ke jure ruwa, musamman irin da ke yin ƙuraje har a jikin kara. Ƙwayarsa tana da taurin ɓawo, sai an zuba mata ruwan zafi da aka sauke daga wuta ya ɗan huce, a bar ta ta kwana a ciki, ko a goga ta da yashi a turmi sama-sama. A yafa da ruwan farko, a sare a kwana 45 zuwa 55 kafin kara ya zama itace. In kuma shinkafa za a yi a wurin da damina, a shuka zamarken a Afrilu da ban ruwa, a nome shi kafin dashen shinkafa.

Kowanne ka zaɓa, bayan an nome ɗanyen ganye cikin ƙasa a jira mako 2 zuwa 3 da laima kafin a dasa ko a shuka wani abu. A kwanakin farko na ruɓewa cututtukan da ke kifar da tsiro suna ƙaruwa, kuma saiwa sabuwa ba ta jurewa.

Tsohon Mai Fangali, Argungu

Malam na Aliero, duk daidai ne, amma a gaya wa yaron abin da zai tarar. Koren wake a bakin gulbi cikin Afrilu, lokacin da babu ko tsinken ciyawa a daji, sai da shinge ko mai gadi, kuma a yi magana da makiyayan da ke shayarwa a wurin tun kafin a shuka. Sannan harawa tana da tsada a bazara, da wuya mutum ya ga kuɗi a tsaye ya binne su. In ya kwashe harawar ya sayar, yawancin ƙarfin da waken ya tara ya bar gonar, saiwa kawai ta rage. Hanyar tsakiya ita ce a yanke sama a bar gindi da saiwa, a ciyar da dabbobin gida, a dawo da takinsu gonar.

Mai Nazarin Ƙasa, Aliero

Haka ne, Baba, kuma a jigawa ma ba dole sai an binne ba. A bazara barin ganyen a shimfiɗe a sama ya fi, yana tare rana da iska, gara ta shigar da shi ƙasa a hankali. Binnewa ta fi amfani ga wanda aka sare a Satumba gab da kakar lambu. Ɗan'uwa, in mukuna ko lablab ka sa da damina, ka sare a makon ƙarshe na Satumba ko farkon Oktoba, ranar da za ka fara gyaran bedi, don ya ruɓe kafin dashen Nuwamba. Ka bar layi biyu a gefen shinge su yi 'ya'ya, ka kafa musu sanduna su hau, domin waɗanda ke kwance a ƙasa ba sa zuba iri sosai.